Dutsen da Makau Ya Zaɓo

Alhaji Bello bai taɓa kama ko ɗan karfasa da hannunsa ba, amma tun da ya dawo daga Jidda a shekarar 2009 ba shi da zance sai na kifi. Wai a masaukinsa ya ga teku cikin gilashi, kifaye shuɗɗa da masu ruwan ɗorawa suna yawo tsakanin duwatsu, ya kuma rantse sai an dasa masa irinsa a falonsa na Gummi. Mai kuɗi in ya so abu, ai ko teku ce sai an jawo masa ita Zamfara. Aka kuwa kawo akwatin gilashi mai tsawon gadon kwana, da buhunan gishirin teku, da injin da ke busa iska cikin ruwa, da wani Bayarabe daga Ikko da ya haɗa kayan. Da aka zo neman wanda zai riƙa kula da kifin, kowa ya ce a kira Makau.

Makau basarke ne, shekara arba'in yana jefa birgi, ragar kamun kifi, a gulbin Zamfara. Yana iya duban ruwa ya gaya maka abin da ke ƙarƙashinsa. Kifin teku dai bai taɓa gani ba, kuma bai ɓoye ba, ya faɗa wa Alhaji. Alhaji ya ce kifi kifi ne.

Bayaraben nan ya zo da wasu duwatsu naɗe cikin jiƙaƙƙiyar jarida, farare, duk jikinsu huji kamar tsohon soso. Ya kama hannun Makau ya yi masa bayani da guntuwar Hausarsa. Ya ce duwatsun nan daga teku aka ciro su, suna da rai, su ke wanke wa kifi ruwa, kada a sake a sa wani dutse ban da su. Ya ce warin da suke yi zai wuce cikin mako guda. Ya hau mota ya koma Ikko.

Alhaji ya shigo da azahar, ya toshe hanci da gefen babbar riga.

"Mi ka wari haka awa mushe?"

"Duwatsun na, ranka shi daɗe. Mutumin ya ce..."

"Ya ce mi? Ni da kuɗina a zuba min ruɓaɓɓen dutse a falo? Manyan mutane za su zo kallo. Jibo, kwashe su ka watsar bayan gida." Jibo shi ne mai gadin gidan, ƙato mai wuya kamar turmi. Alhaji ya juyo kan Makau. "Kai kuma ka nemo min duwatsu masu kyau, waɗanda in an kunna fitila za su yi walƙiya. Ƙasar ga tamu dutse ya ƙare mata?"

Da Makau ya tsaya kan maganar Bayarabe, da ba a yi wannan labari ba. Amma talaka bai saba musu da mai babbar riga ba, kuma, a faɗi gaskiya, shi ma bai ga kyawun waɗancan duwatsu ba. Nan take ma ya tuna inda ya ga dutse mai walƙiya.

Ɗiyarsa Habsu tana aure a Tungar Marke, wata ƙaramar tunga a ƙasar Bukkuyum. Mijinta Ɗahiru da can manomi ne, amma shekara biyu ke nan da ya jingine garma ya shiga haƙar zinari, shi da kusan duk mazan tungar. Suna sauka rami su fasa dutse, su loda a buhu su kawo gida. Mata su farfasa a turmi, a niƙa a injin da a da ake niƙa dawa, a wanke garin a fitar da ɗan abin da aka samu.

Makau ya hau kabu-kabu ya isa da hantsi. Ya tarar da injin yana ruri a ƙofar gida, Habsu tana daka a tsakar gida, gari mai toka-toka ya kwanta kan tabarmi da ƙore da murfin randa. Jikarsa Dija, 'yar shekara uku, tana zaune a ƙasa tana cin ɗanwake da hannu, hannun nan fari fat da gari. Tana ganinsa ta taso da gudu ta rungume ƙafarsa.

"Amarya, haka za ki tarbi ango, ba ko wanka?" in ji Makau, ya ɗaga ta sama. Duk duniya ba abin da yake so kamar yarinyar nan. Duk zuwan da zai yi sai ya riƙo mata 'yan kifaye masu rai a gwangwani, ita kuma ta yi ta bin su da ido da ɗan yatsa har rana ta faɗi.

Ya tsuguna gaban tarin duwatsu ya fara zaɓe, kuma zaɓe ya yi na tsakani da Allah. Wanda ke da kaifin da zai yanki kifi ya ajiye gefe. Wanda ke marmashewa ya jefar. Ya nemi masu lungu inda kifi zai ɓuya, masu faɗin gindi da za su zauna daram. Waɗanda suka fi ɗaukar idonsa su ne masu nauyi, masu jijiya baƙa-baƙa da ke ƙyalli in rana ta taɓa su. Ya juya ɗaya a tafin hannu, ya tuna gargaɗin Bayarabe.

"Ɗahiru, wanga baƙin abu mai ƙyalli, ba ya cutarwa?"

Ɗahiru ya durƙusa yadda suruki ke yi, yana murmushi. "Baba, ai dutsen kwalli na. Irin wanda tsohi ka saye kasuwa."

"Ni ma shi nika niƙa ma Dija," Habsu ta ce daga bakin turmi. "Dubi idonta, rangaɗau."

Makau ya dubi idon yarinyar, ga kwalli an zizara mata, ya yi kyau kuwa. Shi ke nan, magana ta ƙare. Abin da ake sa wa jariri a ido ran suna, shi ne zai cuci kifi? Har ya ji kunyar tambayar da ya yi. Ya cika buhu, ya kuma ɗebi kwano huɗu na garin dutsen da aka wanke, don ya shimfiɗa a gindin gilashi a matsayin rairayi. Yana ɗaure buhun ne Habsu ta gaya masa cewa yara biyu sun rasu a tungar cikin watan, dukansu da taune-taune, jiki na fizga haƙora a datse, ana cewa iskokin dutse ne aka taɓa. Ya yi musu addu'a ya hau babur.

Kai, akwatin ya yi kyau. Da aka kunna fitila, duwatsun suka ɗauki walƙiya, kifaye goma sha biyu suna ratsa su. Alhaji ya kira mutane, aka yi ta salati, har ya dafa kafaɗar Makau a gabansu. Kwana na biyu kifayen suka daina cin abinci. Na uku suka fara iyo a karkace suna karo da gilashi. Ran na huɗu da safe Makau ya shigo ya tarar da su duka a sama, cikinsu a waje.

Bai gama salati ba ya ji an shaƙe masa wuyan riga ta baya. Jibo ne. Ya fizgo shi ya maka da bango, ya ɗauke shi da mari har hularsa ta faɗa cikin ruwan. Alhaji yana tsaye bakin ƙofa da carbi a hannu.

"Mi kas sa musu?"

"Wallahi ban sa komi ba, ranka shi daɗe."

"Ƙarya kaka yi. Ku sarkawa wa bai san ku da magimfa ba? Ita kuka zuba ma ruwa kifi shi taso. Wa yat turo ka?"

Makau ya buɗe baki zai ce shi tun da yake bai taɓa kama kifi da guba ba, ubansa ma ya tsine wa mai yi, sai Jibo ya nushe shi a bakin. Ba a mugun sarki sai mugun bafade. Alhaji bai ce a doke shi ba, bai kuma ce a bari ba, Jibo kuwa ya ɗauki shirun nan a matsayin izini. Ya zaro dorina daga ƙugu ya shiga zabga wa tsoho, a baya, a wuya, a kunne. Makau ya faɗi, ya take masa haƙarƙari. Sannan ya kama ƙeyarsa ya ja shi zuwa akwatin, ya danna kansa cikin ruwan gishiri.

"Sha abin da ka ba su," in ji Jibo.

Gishiri ya shiga fasasshen leɓe kamar an zuba barkono. Makau ya buɗe ido cikin ruwa yana shure-shure, matattun kifaye suna gogar fuskarsa. Kokawar ta tayar da garin da ke gindi, ruwan ya turbune ya zama toka-toka. Jibo ya ɗago shi ya shaƙi iska, ya sake dannawa. Sai a karo na uku Alhaji ya ce, "Bar shi hakanan, kada shi mace min a falo." Aka ja shi ta ƙafa aka yar a ƙofar gida, yara na kallo.

Ya daɗe kwance yana tari. Da ya ɗaga hannu zai share jini, sai ya ga ruwan ya bushe a fatarsa ya bar fari-fari, har cikin tsagar yatsu. Ya san hannun da ya gani haka kwana huɗu da suka wuce, yana ɗaukar ɗanwake yana kaiwa baki. Hannun Dija ne.

Makau ba ya yanke hukunci kan ruwan da bai gwada ba. Ya rarrafa gida, matarsa Hure ta gasa masa jiki tana kuka tana zagin Alhaji da kakanninsa. Da la'asar ya dafa sanda ya sauka gulbi, ya kamo 'yan karfasa da 'yan tarwaɗa. Ya jera randa biyu a inuwa, ya cika su da ruwan gulbi, ya raba kifin daidai. A ɗaya ya zuba ragowar garin da ke gindin buhu da dutse guda mai ƙyalli. Ɗayar bai sa mata komai ba.

Kwana biyu karfasan randar farko suka taso. Ya ce a ransa karfasa ragon kifi ne, bari a ga tarwaɗa. Tarwaɗa fa ita ce ke kwana cikin taɓo rani guda ba ta mutu ba, a fasa mata kai ma tana motsi. Ran na huɗu ita ma ta juya ciki sama. A ɗaya randar kuwa kifi sai wasa suke yi.

Yana tsaye kan randunan nan wani ɗan kabu-kabu ya yi sallama, ya ce an aiko shi daga Tungar Marke. Dija ba lafiya tun jiya, taune-taune take yi. Makau bai tsaya neman hula ba. Ya kwashe matattun kifin a ƙwarya, ya haye bayan babur ɗin.

Tun daga nesa ya ji rurin injin. Yarinya na ciki rai a hannun Allah, su kuwa ko a jikinsu, niƙa suke yi, maza biyar, Ɗahiru na shida. Makau ya wuce su ya shiga ɗaki. An turnuƙe ɗakin da hayaƙin turaren iskoki. Dija na kwance jikin uwarta, haƙora a datse, ƙafafu na karkarwa, idanun sun juye. An sake zizara mata kwalli, wai don kada iska ta shiga ta ido. Kusa da kanta ga ƙwaryar kunu, gari ya kwanta a samansa.

Ya fito tsakar gida ya kifar da ƙwaryar kifin a gaban mazan.

"Ku kashe injin ga ku saurara. Ba iskoki ba na. Dutsen ga na. Shi yak kashe kihin Alhaji, shi yak kashe waɗanga, shi ka kashe ɗiyanku."

Suka dubi kifin, suka dubi fuskarsa da ta kumbura. Wani mai jan rawani ya tuntsire da dariya. "Tsoho, kihi in ya bar ruwa ai mutuwa shika yi. Ka sha kashi Gummi ka taho nan ka huce?"

"Baba, ka yi haƙuri ka shiga ciki," in ji Ɗahiru, murya ƙasa-ƙasa, kunya ta kama shi a gaban abokansa. "Na hwaɗa maka kwalli na. Inna ta sa min, kai ma an sa maka. Wa yam mutu?"

"An sa maka a ido, ba a dama maka kunu da shi ba. Za ni da yarinyar ga asibiti Gummi, ita da uwarta, yanzu."

"Ba inda za ta. Malam ya ce in anka hitar da ita kahin kwana ukku, iskar ta bi ta."

Makau ya dubi injin yana aman gari, iska na kwasarsa tana shigar da shi ɗakin da Dija take. Akwai gatari jingine da bangon rumbu. Ya ɗauka, ya sara bel ɗin injin, bel ya tsinke ya yi tsalle ya zabgi mai jan rawani a fuska. Ya juya kan turmin Habsu, sara biyu ya raba shi. Ya koma kan injin ya shiga sara, ƙarfe na tartsatsi, yana sara yana zagi, zagin da tun yana saurayi bai yi irinsa ba.

Suka rufe shi. Wani ya sauke masa taɓarya a kafaɗa, wani ya jefe shi da dutsen da suke taƙama da shi ya fasa masa goshi. Mai jan rawani, jini na zuba daga hancinsa, ya shaƙe shi ta baya. Makau ya yi masa karo da ƙeya, ya ji guringuntsi ya ƙara fashewa. Suka kayar da shi cikin garin, suna tattakawa, wuraren da Jibo ya fara su suka ƙarasa. Duk da haka bai saki gatarin ba. Ya miƙa hannu daga ƙasa ya sake kai wa injin sara.

Ɗahiru ne ya ɗaga guduma, irin wadda suke fasa dutse da ita a rami. Daga baya ya yi ta rantsuwa cewa ƙotar gatarin ya nufa. Allah ne masani. Gudumar dai a bayan hannun Makau na dama ta sauka, hannun yana kan ƙafar injin, aka ji ƙarar kamar an taka busasshen kara.

Kowa ya tsaya. Ko a cikin mahaƙa, suruki ya karya uban matarsa ba ƙaramin abu ba ne. Ɗahiru ya saki gudumar, ya ja da baya yana kallon hannayensa. Makau bai yi ihu ba, numfashi kawai yake ja ta haƙora. Ya dafa ƙasa da hagu ya tashi zaune, yatsun dama suna reto.

Sai ga Habsu ta fito daga ɗaki, ta goya Dija ta ɗaure da zani biyu. Ba ta ɗauki ko ƙullin kaya ba. Ta ratsa tsakanin mazan, ta tsuguna ta kama uban ta ɗaga shi.

"Habsu," in ji Ɗahiru. "In kin hita..."

Ba ta ko waiwaya ba. Ta tsallake rabin turmin da ke kan hanya, suka fita, ba wanda ya tare su.

A asibitin Gummi aka yi ta allura kwana shida kafin taune-taunen ya tsaya. Makau ya gaya wa duk mai farin kaya da ya gani zancen dutse da randa biyu, wasu suka gyaɗa kai, wasu suka ce tsohon ya bugu a ka. Hannun kuwa mai ɗori ya duba ya ce ƙashin ya zama tsaki, zai haɗe amma ba zai ƙara damƙar igiyar birgi ba. Makau ya ce a bar zancen hannu. Yarinya dai tana numfashi, tana shan kunu, ya ga kamar ya ci riba.

Ran da aka sallame su suka dawo gidansa, Hure ta wanke yarinyar tas, ta goge kwallin har sai da fatar idon ta yi ja. Dija ta rame, ba ta magana, in an zaunar da ita sai ta zauna shiru. Makau ya tuna randa ta biyu. Ya leƙa, kifin suna nan da ransu, Hure tana watsa musu dusa. Daɗi ya kama shi. Ya sa aka kwaso su a faffaɗan kwano aka ajiye a tsakar gida inda haske yake, ya ɗauko yarinyar da hannun hagu ya ɗora ta a cinya.

"Amarya, ga kayan lehenki na kawo. Dubi wancan mai gemu."

Kifin suka kewaya kwano, wani ya yi tsalle ya fantsama ruwa. Idanun Dija a buɗe suke, manya, masu kyau, suna kallon wajen bangon gida. Ya matsar da kwanon gabanta. Ya kaɗa yatsa kusa da fuskarta, ya sake kaɗawa. Ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Habsu tana tsaye bayansa, ya ji lokacin da ta toshe bakinta da zani. Shi bai juya ba, don ba zai iya haɗa ido da ita ba. Ya tuna ranar da ya tsuguna a gidanta yana juya dutse a tafin hannu, tambayar tana bakinsa, amsar tana zaune gabansa tana cin ɗanwake, ya cika buhu ya tafi ya bar ta. Kwana takwas ya ɓata tsakanin falon Alhaji da randunansa. Hawaye suka zubo masa, ya bar su, don hannun da zai share yana riƙe da yarinya.

Ya kama ɗan hannunta a hankali ya tsoma cikin kwanon. Ta ɗan zabura da sanyin ruwan. Wata 'yar tarwaɗa ta zo ta goga gemunta a tafin hannun, ta wuce, ta dawo. Dija ta buɗe yatsu tana lalube.

"Kaka," ta ce, muryar a shaƙe. "Kihi."

"Shi na, Amarya."

"Kunna hitila in gani."

Rana tana tsaka a lokacin. Makau ya riƙe hannun nata cikin ruwa, ya ce mata to, bari a nemo ashana.